James Sumner, mai hannu ɗaya da ya tono abin da ke cikin ƙwayar wake

'Yan uwa manoma, duk wanda ya taɓa watsa yuriya a bisa ƙasa mai ɗanshi, rana ta buɗe, ya koma gonar bayan kwana biyu ko uku, wataƙila ya ji wani ɗan wari mai shiga hanci kamar zarnin garke. Wannan warin kuɗinka ne ke tashi sama. Abin da ke haddasa shi wani sinadari ne da ido ba ya gani, masana na ce masa yuriyes. Yana cikin ƙasa, yana cikin kashin dabbobi da ruɓaɓɓen kara, yana kuma cikin ƙwayar waken suya da ke ajiye a rumbunka. Mutumin da ya fara ware shi shi kaɗai, ya nuna wa duniya ko mene ne, wani Ba'amurke ne mai suna James Batcheller Sumner. Shekara saba'in ke nan, ko kusa da haka, da rasuwarsa, kuma yau tarihinsa za mu duba.

An haife shi ranar 19 ga Nuwamba, 1887, a garin Canton na jihar Massachusetts, ba nisa da birnin Boston. Gidansu masu hali ne, sana'ar danginsa masaƙar auduga. Yaro ne mai son daji da harbi, kuma son harbin ne ya jawo masa abin da ya bi shi har kabari. Yana ɗan shekara 17 suka fita farautar tsuntsaye, bindigar abokin tafiyarsa ta tashi bisa kuskure ta same shi a hannun hagu, sai da likitoci suka yanke hannun daga wajen gwiwa. Abin da ya ƙara tsananta lamarin, shi bahago ne. Ke nan hannun da yake rubutu da shi, yake cin abinci da shi, shi ne ya tafi. Dole ya koma kamar ƙaramin yaro yana koyon komai da dama. Ya koya kuwa, har ya zama gwanin wasan tanis da gudun kan ƙanƙara, bai ma daina harbi ba.

A 1906 ya shiga Jami'ar Harvard, ya fito a 1910 da digiri a kimiyyar sinadarai. Ya ɗan taɓa aiki a masaƙar baffansa na 'yan watanni, abin bai kwanta masa ba. Ya tafi koyarwa a wata kwaleji a garin Sackville na ƙasar Kanada, ya dawo ya yi ɗan lokaci a Worcester, sannan a 1912 ya koma Harvard don karatun digirin digirgir a hannun Farfesa Otto Folin, wanda ya shahara wajen auna sinadaran jini da fitsari. Da Folin ya dube shi, shawarar farko da ya ba shi ita ce ya je ya karanta lauya, domin a ganinsa mai hannu ɗaya ba zai iya da kwalabe da ma'aunan ɗakin gwaji ba. Sumner bai tafi ba. Ya kammala a 1914, bincikensa kuwa a kan yadda jikin dabba ke samar da yuriya ne. Eh, yuriyar nan dai da kuka sani. Sinadarin da ke cikin farin buhun taki shi ne wanda ƙodar mutum da ta saniya ke fitarwa a fitsari, bambancin kawai na buhu a masana'anta aka haɗa shi.

Yana yawon buɗe ido a Turai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, ya maƙale a Siwizalan wajen wata guda. A can saƙon waya ya iske shi cewa Jami'ar Cornell da ke garin Ithaca a jihar New York ta ba shi aikin koyarwa. Ya karɓa, kuma a nan ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

Kafin mu ci gaba, bari mu fahimci abin da ake kira enzayim, don in ba a gane shi ba sauran labarin ba zai yi armashi ba. Matan da ke kunun zaƙi sun san shi ko da ba su san sunan ba. Za a dama gasara ta yi kauri kirtif, sai a zuba mata ɗan niƙaƙƙen tsiron shinkafa ko busasshen dankalin Hausa, a rufe a bar shi ya kwana. Da safe kaurin ya saki, zaƙi ya fito, alhali ba a sa sukari ba. Wani abu a cikin tsiron ne ya yayyanka sitacin ya mai da shi sukari. Wannan abin shi ne enzayim: ɗan kaɗan ne, yana hanzarta aikin da in babu shi zai ɗauki shekaru, kuma shi kansa ba ya ƙarewa a cikin aikin. Kowane enzayim da nasa aiki guda. Na yuriyes shi ne fasa yuriya ta koma iskar amoniya da iskar kabon, kuma masana sun ƙiyasta yana ninka saurin wannan fashewa wajen sau tiriliyan ɗari.

A zamanin Sumner kowa ya san aikin enzayim, amma babu wanda ya taɓa riƙe shi tsantsarsa ya ce ga shi. Ana ganin sawu, ba a ga mai sawun ba. Manyan masana da yawa sun ɗauka ma ba zai taɓa waruwa ba. Sumner kuwa ga aikin koyarwa ya yi masa yawa, ga ƙarancin kayan aiki, ga babu mataimaka, ga kuɗin bincike ba su taka kara sun karya ba. Sai ya yi lissafi irin na mai ƙaramin jari: tunda ba zai iya gogayya da manyan ɗakunan bincike a ƙananan ayyuka masu yawa ba, gara ya zuba abin da yake da shi kacokan a kan babban abu guda, in ya ci ya ci. A 1917 ya soma.

Abin da ya zaɓa ya yi aiki da shi wani farin wake ne mai manyan ƙwayoyi da dogon kwanso, Turawa na ce masa jak-bin, masana tsirrai kuma Canavalia. Wasunku sun san shi a matsayin shukar rufe ƙasa da gyara ta. Tun 1909 wani masani ɗan Japan mai suna Takeuchi ya gano akwai yuriyes a waken suya, daga baya aka ga na jak-bin ya fi shi yawa nesa ba kusa ba. Sumner ya riga ya saba da yuriyes, domin da shi ake auna yawan yuriya a jinin marasa lafiya.

To me ƙwayar wake ke yi da yuriyes, ita da ba ta fitsari? A nan ne labarin ya shigo gonarmu kai tsaye.

Lokacin da wake ko waken suya ke cika kwanso, uwar shukar tana kwashe naitirojin daga ganye da saiwa tana turawa cikin ƙwaya. Shi ya sa za ka ga ganye na komawa ruwan ɗorawa a ƙarshen damina ko da gonar ba ta da wata cuta. A cikin ƙwayar ana ɗaure wannan naitirojin a matsayin furotin. Wakenmu na gida kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa furotin ne, waken suya kuwa ya doshi kashi 40 cikin 100. Guzuri ne uwa ta ɗaure wa ɗanta. Daga cikin tubalan da ake gina furotin ɗin akwai wani mai suna ajinin, wanda kowane ɗaya ke ɗauke da ƙwayar zarra huɗu ta naitirojin, ya fi sauran tubalan duka, don haka iri ke tara shi da yawa.

Ranar da ka shuka, ƙwaya ta sha ruwa ta kumbura, sai ma'aikatan da ke barci a cikinta su farka ɗaya bayan ɗaya. Na farko su yayyanka furotin ɗin zuwa tubalansa. Wani enzayim mai suna ajines ya kama ajinin ya raba shi biyu, ɓangare ɗaya ya fito a matsayin yuriya, ɗauke da rabin naitirojin ɗin. Tsiro ba ya iya gina jikinsa da yuriya yadda take. Sai yuriyes ya fasa ta zuwa amoniya, nan take wani enzayim ɗin ya cafke amoniyar kafin ta yi ɓarna, ya ɗaure ta a cikin sinadarin da ake kira gulutamin, a tura wa ɗan saiwa da ɗan ganye masu fitowa. Da wannan guzuri tsiro ke rayuwa a kwanakinsa na farko, kafin saiwa ta yi ƙarfin jan abinci daga ƙasa, kafin kuma ƙulle-ƙullen nan na saiwar wake su fara kamo naitirojin daga iska. In aka toshe yuriyes a ƙwayar da ba ta da wata hanyar samun naitirojin, yuriya na taruwa, tsirowa ta yi jinkiri. An gwada haka an gani a wata 'yar ciyawa da masana ke yawan gwaji da ita.

Akwai wani abin mamaki kuma. Yuriyes ɗin da ke cikin jak-bin da waken suya ya fi abin da tsirowa ke buƙata yawa ƙwarai. An samu irin waken suya da ba shi da wannan tulin na cikin ƙwaya, ya kuma tsira lafiya lau da ɗan wanda ke cikin sauran sassan jikinsa. Masu bincike a Brazil sun nuna cewa yuriyes na jak-bin na da dafi ga wasu ƙwari da wasu nau'o'in fumfuna, don haka ake ganin rarar makami ce ta kare iri. Sumner bai san wannan ba. Shi dai ya samu ƙwayar da ta tara abin da yake nema, ya duƙufa.

Shekara tara ya yi yana fama. Ya jiƙa garin da ruwa, ya gwada da giliserin, ya gwada da barasar gwaji, abin ya riƙa fitowa da yauƙi ya ƙi tacewa. A farkon shekarun ko akwatin ƙanƙara babu a ɗakin gwajinsa, sai dai ya jera kwalabe a bakin taga ya jira sanyin hunturu ya yi masa aiki. A hanya ya ware wasu furotin na waken, ciki har da wanda ake kira konkanabalin A, wanda har gobe ana amfani da shi a ɗakunan bincike, amma yuriyes ya ƙi kamuwa. Abokan aikinsa suka riƙa ba shi shawarar ya haƙura. A 1921 ya samu tallafin zuwa Brasels ta ƙasar Beljiyam don ya yi aiki da Jean Effront, wanda ya rubuta littattafai a kan enzayim. Da Effront ya ji abin da yake son yi, sai ya ɗauke shi shirme, tafiyar ta watse. Ya dawo Ithaca ya ɗora daga inda ya tsaya.

A 1926 ya canza ruwan da yake jiƙa garin. Ya ɗauko asiton, wato ruwan nan da mata ke goge jan farce da shi, ya sirka da ruwa ya zama kusan kashi 32 cikin 100 asiton ne. Ya dama garin wake giram 100 a cikin rabin lita, ya juye a matata, ya sa a sanyi ya kwana yana ɗiga. Washegari ya ɗebi ɗigo ɗaya ya duba a madubin ƙara girman abu, sai ga wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi masu fuska takwas, masu tsari kamar na gishiri, irin waɗanda bai taɓa gani ba. Ya tattara su ya narkar ya zuba wa yuriya. Ƙarfinsu ya ninka na garin waken kimanin sau 700. Duk gwajin da ya yi musu kuma ya nuna abu ɗaya: furotin ne. A shekarar ya buga sakamakon a mujallar masana. Bayan shekara tara na wahala, hanyar da ta ɓulle ba ta wuce aikin kwana ɗaya ba.

Da mutum zai zaci daga nan sai tafi da jinjina, amma ina. Babban mai faɗa a ji a fannin enzayim a lokacin Bajamushe ne, Richard Willstätter na birnin Munik, wanda tun 1915 ya ci kyautar Nobel saboda aikinsa a kan koren launin ganye. Shi da almajiransa sun tsaya a kan cewa enzayim wani ɗan ƙaramin abu ne da ba a sani ba, furotin kuwa jakin da ke ɗauke da shi ne kawai. Suna da hujjarsu: sun tace wasu enzayim har gwajin furotin ya daina nuna komai, amma ruwan na ci gaba da aiki. Abin da ya ɓace musu shi ne enzayim na da ƙarfin da ɗan mitsitsin da gwajin wancan zamani ba ya iya gani ya isa ya yi aiki. Suka ce ƙwayoyin Sumner furotin ne da yuriyes ya manne wa. Wani abin da ya ƙara dagula masa lissafi, ba kowane garin jak-bin ke ba da ƙwayoyin ba. Wani waken yuriyes ɗinsa kaɗan ne, wanda ya gwada da irinsa sai ya tashi a tutar babu ya ce ƙarya ne. Wannan kam manomi ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani, mun san iri ya bambanta ko da sunansa ɗaya.

Sumner bai yi shiru ba, kuma ba mutum ne mai sanyin baki a muhawara ba. Ya yi ta buga takarda bayan takarda yana mayar da martani. Hujjarsa da ta fi burge ni ita ce mafi sauƙi: ya zuba wa ƙwayoyin wasu enzayim masu cin furotin, ya nuna cewa gwargwadon yadda furotin ɗin ke narkewa, gwargwadon yadda ƙarfin fasa yuriya ke raguwa. In da jaki ne kawai, ai da an kashe jakin kayan na nan. Cornell ta ba shi kujerar farfesa a 1929. A 1930 John Northrop na Cibiyar Rockefeller ya fitar da pepsin, enzayim ɗin tumbi mai narkar da nama, shi ma a matsayin ƙwayoyin furotin, daga baya wasu suka biyo. A 1937 Sumner da ɗalibinsa Alexander Dounce suka sake fitar da wani mai suna katales daga hantar sa. A shekarar ya je Uppsala ta ƙasar Suwidin ya yi watanni a ɗakin binciken Theodor Svedberg, aka kuma ba shi lambar girma ta Scheele a Stockholm. Zuwa lokacin gardama ta mutu. A 1946, shekara ashirin cif bayan wancan dare na asiton, aka ba shi rabin kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai, Northrop da Wendell Stanley suka raba ɗaya rabin.

Yanzu mu dawo kan buhun yuriya, tunda mun san da wa muke hulɗa. Buhu mai kilo 50 na ɗauke da naitirojin kilo 23. Da ƙwayar takin ta taɓa danshi ta narke, yuriyes na ƙasa zai hau ta, cikin 'yan kwanaki a yanayin zafi irin namu ya mai da ita amoniya. In hakan ya faru a ƙarƙashin ƙasa, ƙasar na riƙe ta saiwa ta sha. In a sarari ne, iska ta kwashe. Asara ta fi muni a jigawa mai rairayi, da inda aka watsa a kan ciyawa ko kara ko kashin shanu, da kuma ranar da saman ƙasa ke da ɗan danshi sannan rana da iska suka biyo baya. Yayyafi ko raɓa da za su narkar da takin ba tare da sun shigar da shi ciki ba sun fi fari illa. Don haka idan za ka ba masara taki na biyu, tona ɗan rami da tsinke ko bakin fartanya, nisan yatsu huɗu daga gindi, zurfin wajen santimita 5, ka zuba ka rufe, ko ka haɗa zubawar da ban-ƙasa a rana ɗaya. Na san ƙorafin da za a yi, kuɗin 'yan ƙwadago. Ka kwatanta shi da kuɗin buhu a kasuwa yau, sannan ka yanke hukunci. Masu shinkafar fadama da na rani kuma, dunƙulalliyar yuriya da ake cusawa cikin taɓo tsakanin gindi huɗu, dalilinta ke nan. Akwai kuma yuriyar da ake shafa wa maganin da ke dakatar da yuriyes na 'yan kwanaki, in ƙungiyarku ta samu mai sayar da ta gaskiya.

Abu na biyu, kada yuriya ta shiga ramin shuka tare da iri. Ƙwaya na da ma'aikatan da za su iya da 'yar amoniyar da ita kanta ke fitarwa a hankali. Amoniyar da ke tashi daga tafin hannu na taki ta fi ƙarfinsu, tana ƙona ɗan saiwa tun bai fito ba. Sau da yawa gonar da aka ce iri ne bai da kyau, in ka tona ramin za ka tarar da abin da ya faru ke nan.

Na uku na masu kiwo ne. Ɗanyen waken suya cike yake da yuriyes, saboda haka mai turken da ke sa 'yar yuriya a abincin shanu ko raguna kada ya kuskura ya haɗa da ɗanyen garin waken suya. Amoniya za ta taso a tumbi gaba ɗaya, dabba na iya faɗuwa cikin ɗan lokaci. Masu haɗa abincin kaji kuwa yuriyes ya zame musu ma'auni. Ɗanyen waken suya na da wani sinadari da ke hana kaza narkar da furotin, zafi ne ke kashe shi, kuma tunda yuriyes furotin ne, kamar yadda Sumner ya tabbatar, zafin na kashe shi tare. Sai a gwada garin: in yuriyes na nan da ƙarfinsa, waken bai gasu ba. Ƙungiyar da ke sayen garin waken suya da yawa tana da haƙƙin ta tambayi mai kamfani sakamakon wannan gwaji. Shi kansa jak-bin ɗin yana da wasu dafin daban, ba a ba dabba shi ɗanye.

A 1947 Cornell ta buɗe masa ɗakin binciken enzayim nasa na kansa a Kwalejin Aikin Gona, a 1948 aka zaɓe shi cikin Majalisar Masana Kimiyya ta Amurka. Ya rubuta littattafan koyarwa, shi da Karl Myrbäck na Suwidin kuma suka tsara wani babban kundi a kan enzayim a farkon shekarun 1950. Ya yi aure sau uku. Matarsa ta farko, Cid Ricketts Sumner, ta yi suna a rubutun ƙagaggun labarai. Ciwon daji ya kama shi yana gab da ritaya, ya rasu a asibiti a birnin Buffalo ranar 12 ga Agusta, 1955, yana da shekara 67.

Shekara ashirin bayan rasuwarsa, a 1975, wasu masana a Jami'ar Queensland ta Ostireliya suka sake duba yuriyes na jak-bin da na'urorin da Sumner bai samu ba, suka tarar da ƙarfen nikel a cikinsa, ƙwayar zarra biyu a daidai inda ake fasa yuriyar. Ashe Willstätter ma bai yi kuskure gaba ɗaya ba: akwai ɗan ƙaramin abu a ciki, sai dai ba ya aikin komai in babu furotin ɗin da ya riƙe shi. Wannan ne karon farko da aka ga nikel a cikin wani enzayim. Daga nan masu binciken wata cibiyar gwamnati da ke harabar Cornell, a garin Ithaca inda Sumner ya jera kwalabensa a taga, suka shuka waken suya a ruwan da aka tsame wa nikel, yuriya ta taru a bakin ganye har ya ƙone. A 1987 suka nuna cewa sha'ir da aka hana nikel zuriya bayan zuriya na ba da ƙwayar da ba ta tsirowa. Tun daga lokacin aka sa nikel a jerin sinadaran da shuka ba ta rayuwa sai da su, ko da yake abin da take buƙata ɗan mitsitsi ne, kuma galibin ƙasar noma na da isasshe ba sai an saya ba.